Renon Matasan 'Yan Hokin Ƙanƙara da Al'adar Sake Ginin Ƙungiya a Gasar NHL

Wasan hokin ƙanƙara, wanda 'yan wasa shida-shida ke bugawa a kan daskararren ruwa da sanduna masu lanƙwasasshen baki da ɗan faifan roba mai tauri, suna sulɓi da takalma masu siririn ƙarfe a tafinsu, ya samu siffarsa ta zamani a ƙasar Kanada, kuma babbar gasarsa ta ƙwararru, wadda aka fi sani da haruffan NHL, an kafa ta ne a birnin Montreal a shekarar 1917. Gasar, wadda a yau ta ƙunshi ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka, ta sha bamban da gasannin ƙwallon ƙafa na Turai ta fuska guda mai muhimmanci, domin ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburi ba a korar ta zuwa ƙaramar gasa, sai ma a ba ta fifiko wajen zaɓar matasan da suka fi nuna alamar baiwa a wannan shekara. Daga wannan tsari ne aka samu al'adar da ake kira sake gini, wato ƙungiyar da taurarinta suka manyanta ta musanya su da samari da kuma guraben zaɓe, ta jure shan kashi na wasu shekaru, ta zuba ido a kan yaran da ta tara har su kai munzalin ɗaukar nauyinta. Tarihin wannan al'ada ya nuna cewa samun yaro mai baiwa shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin, kuma abin da ya raba ƙungiyoyin da suka farfaɗo da waɗanda suka daɗe a ƙasa shi ne irin renon da yaron ya samu a shekaru huɗu ko biyar da suka biyo bayan ɗaukarsa.

Zamanin mallakar yara

Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida ne kacal a gasar, wato Montreal Canadiens da Toronto Maple Leafs a Kanada, sai Detroit Red Wings da Boston Bruins da Chicago Black Hawks da New York Rangers a Amurka, kuma kusan dukkan 'yan wasansu haifaffun Kanada ne. A mafi yawan wannan zamani babu wani zaɓe na bai-ɗaya, abin da ake bi shi ne tsarin ɗaukar nauyi, inda babbar ƙungiya ke biya wa ƙananan ƙungiyoyin matasa na garuruwa kuɗin kayan wasa da na tafiye-tafiye, ita kuma ta samu iko a kan yaran da ke wasa a cikinsu. Akwai kuma wata takardar yarjejeniya mai lamba C, wadda idan matashi ya sa mata hannu, sau da yawa a kan kuɗin da bai wuce dala 100 ba, ya ɗaure kansa ke nan ga ƙungiya guda, ba shi da ikon zuwa wata sai da yardarta. Bayan haka kowace ƙungiya tana da haƙƙi a kan yaran da ke cikin mil 50 daga filinta, dokar da ta fifita Montreal da Toronto da kuma Detroit, wadda ke kan iyaka da lardin Ontario, ta bar New York da Boston da Chicago da yankunan da yara ƙalilan ne ke wasan a cikinsu.

Wanda ya fi kowa gane ƙarfin wannan tsari shi ne Frank Selke, wanda ya zama babban manajan Montreal a 1946 ya kuma shimfiɗa ƙungiyoyin reno tun daga lardin Quebec har zuwa yammacin Kanada, ta yadda ɗaruruwan yara ke tasowa a ƙarƙashin idon ma'aikatansa suna koyon salon wasa iri guda. Sakamakon ya bayyana a jerin waɗanda suka ɗauki Kofin Stanley, kambun da ake bai wa zakaran gasar, domin a cikin kakanni 25 na zamanin ƙungiyoyi shida Montreal ta ɗauke shi sau 10, biyar daga ciki a jere daga 1956 zuwa 1960, Toronto sau 9, Detroit sau 5, Chicago sau ɗaya, yayin da Boston da New York ba su taɓa shi ba ko sau guda.

Rayuwar 'yan wasa biyu ta isa ta nuna iyakar da ƙungiyoyi ke kaiwa wajen riƙe matashi. Jean Béliveau, wanda Montreal ke da haƙƙin ɗaukarsa a duk ranar da ya zama ƙwararre, ya zaɓi ya ci gaba da wasa da Quebec Aces a wata gasa da a hukumance ba ta ƙwararru ba ce, inda ake biyansa da kyau kuma jama'ar gari ke ƙaunarsa, har sai da aka mai da gasar kacokan ta ƙwararru a 1953, sannan ya sa hannu da Montreal, ya kuma ci kofi 10 da ita. Bobby Orr kuwa, ɗan garin Parry Sound a Ontario, bai wuce shekara 13 ba lokacin da mutanen Boston suka gan shi a wata gasar yara a Gananoque a 1961, daga nan Wren Blair, mai farautar 'yan wasa na ƙungiyar, ya riƙa zirga-zirga gidan iyayensa, Boston ta ɗauki nauyin ƙungiyar yaran garinsu, kuma a 1962, yana ɗan shekara 14, ya fara wasa da Oshawa Generals tare da samarin da suka girme shi da shekara biyar ko shida. Boston, wadda ta yi kakanni takwas a jere ba ta kai zagayen fitar da gwani ba, ta jira shi har 1966, ta kuma ɗauki kofi a 1970 da 1972. Tsarin ya iya reno, domin wanda ya mallaki yaro tun yana ƙarami yana da dalilin kula da shi, amma ya yi hakan ne ta hanyar hana yaron da iyayensa 'yancin zaɓi, tare da tabbatar da cewa mai ƙarfi ya ci gaba da ƙarfi.

Bayyanar zaɓen matasa

A ranar 5 ga Yuni, 1963, a zamanin shugabancin Clarence Campbell, gasar ta gudanar da zaɓen matasa na farko a otal ɗin Queen Elizabeth da ke Montreal, inda ƙungiyoyi suka riƙa kiran sunaye bi da bi har aka ɗauki yara 21, na farkonsu Garry Monahan. Zaɓen bai yi wani tasiri ba a shekarunsa na farko, saboda yaran da suka fi hazaƙa duk suna hannun masu ɗaukar nauyinsu. Abin da ya sauya lamarin shi ne faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12 a 1967, domin sababbin ƙungiyoyi a garuruwa irin su Los Angeles da Philadelphia da St. Louis ba su da inda za su samo yara, don haka aka soke tsarin ɗaukar nauyi a hankali, kuma zuwa 1969 zaɓen ya zama ƙofar da kusan kowane matashi mai shekara 20 zai bi, a hankali kuma aka tsaya a kan cewa ƙungiyar da ta fi rauni ce ke fara kira. Daga baya gasar WHA, wadda ta yi gogayya da NHL daga 1972 zuwa 1979, ta riƙa ɗaukar yaran da ba su kai shekarun zaɓe ba, ciki har da Wayne Gretzky yana ɗan shekara 17 a 1978, abin da ya taimaka wajen sa NHL ta sauko da shekarun zuwa 18 a 1980. Wannan sauyi ya ƙara wa aikin wahala ƙwarai, domin hasashen abin da ɗan shekara 18 zai zama ya fi na ɗan shekara 20 wuya nesa ba kusa ba.

Mutumin da ya fara fahimtar cewa gurbin zaɓe dukiya ce da ake saye da sayarwa shi ne Sam Pollock, wanda ya riƙe Montreal daga 1964 zuwa 1978 ya ci kofi tara. A watan Mayun 1970 ya karɓi gurbin zagayen farko na shekarar 1971 daga ƙungiyar Seals ta California, wadda ke fama da rauni, a madadin ɗan wasa Ernie Hicke da gurbin Montreal na 1970, sannan da ya ga Los Angeles na neman ƙwace matsayin ƙarshe daga Seals sai ya tura mata gogaggen ɗan wasa Ralph Backstrom a Janairun 1971. Seals ta ƙare a ƙarshe, Montreal kuma, wadda ita ce zakarar wannan shekara, ta ɗauki Guy Lafleur, wanda ya jefa faifai a raga sau 130 a kakarsa ta ƙarshe da Quebec Remparts. Abin da aka fi mantawa a labarin shi ne abin da ya biyo baya, domin a kakanninsa uku na farko Lafleur ya ci 29 da 28 da 21 ne kawai, jama'ar Montreal suka fara gunaguni suna kwatanta shi da Marcel Dionne wanda Detroit ta ɗauka a bayansa, amma ƙungiyar ta riƙe shi a cikin manyan da yake koyo daga gare su, kuma a kaka ta huɗu ya ci 53, ya jera kakanni shida yana kai 50 ko fiye, Montreal ta ɗauki kofi huɗu a jere daga 1976 zuwa 1979.

Idan Pollock ya nuna yadda mai ƙarfi ke cin gajiyar zaɓe, Bill Torrey na New York Islanders ne ya nuna yadda ake gina ƙungiya da shi tun daga tushe. An kafa Islanders a 1972, kuma a kakarta ta farko ta ci wasa 12, aka ci ta 60, ta yi kunnen doki 6. Manyan ƙungiyoyi, Montreal a kan gaba, sun yi wa Torrey tayin gogaggun 'yan wasa domin ya sakar musu gurbin farko na 1973, ya ƙi, ya ɗauki ɗan baya Denis Potvin, ya kawo Al Arbour a matsayin koci a wannan shekara, ya ƙara da Clark Gillies da Bryan Trottier a 1974 da Mike Bossy a gurbi na 15 a 1977. Arbour ya zauna da waɗannan samari shekara da shekaru yana koya musu tsaron gida kafin kai hari, kuma ko da ƙungiyar ta yi ta faɗuwa a zagayen fitar da gwani a ƙarshen shekarun 1970 Torrey bai wargaza ta ba, sai dai a Maris na 1980 ya musanya 'yan wasa biyu da Butch Goring domin cike giɓin da ya rage a tsakiya. Islanders ta ɗauki kofi huɗu a jere daga 1980 zuwa 1983, kuma tun daga lokacin duk manajan da ke roƙon magoya baya su yi haƙuri da ita yake kafa hujja.

Faɗuwa da gangan da ƙuri'ar sa'a

Tsarin da ke saka wa na ƙarshe da mafi kyawun matashi yana ɗauke da wata fitina, wadda ta fito fili a kakar 1983 zuwa 1984, lokacin da Mario Lemieux ya tara maki 282 a wasa 70 da ƙungiyar matasa ta Laval, wato jimillar faifan da ya jefa a raga da waɗanda ya taimaka aka jefa. Pittsburgh Penguins, wadda ke dab da durƙushewa saboda rashin 'yan kallo, ta ƙare da maki 38, New Jersey da 41, aka kuma daɗe ana zargin Pittsburgh da raunana kanta da gangan a makonnin ƙarshe. Pittsburgh ta ɗauki Lemieux, shi kuma ya ceci ƙungiyar, amma sai da aka yi shekara bakwai ana tara masa abokan wasa kafin ta ɗauki kofi a 1991 da 1992. Irin wannan zargi ya sake tasowa a kan Ottawa Senators a 1993, har hukumar gasar ta gudanar da bincike, kuma daga 1995 aka shigo da ƙuri'ar sa'a, inda ake juya ƙwallaye masu lambobi a na'ura domin fitar da wanda zai fara zaɓe, ta yadda ƙungiyar ƙarshe ke da rabo mafi girma amma ba ta da tabbas.

Matashin da Ottawa ta samu a zaɓen 1993, Alexandre Daigle, shi ne ya zama darasin da ake yawan ambata. An ba shi kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 12.25 tun bai buga wasa ko ɗaya ba, aka jefa shi yana ɗan shekara 18 cikin ƙungiyar da ta ci wasa 10 kacal a kakar da ta gabata, babu gogaggun da zai jingina da su, aka kuma ɗora masa nauyin cika filin wasa da 'yan kallo. Bai taɓa wuce maki 51 a kaka guda ba, yayin da Chris Pronger, wanda aka ɗauka a bayansa, ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan bayan zamaninsa, kodayake shi ma sai da ya bar ƙungiyarsa ta farko ya samu kansa. Kwantiragin Daigle na cikin dalilan da suka sa aka ƙayyade albashin sababbin 'yan wasa a yarjejeniyar da masu ƙungiyoyi da 'yan wasa suka ƙulla a 1995.

A daidai wannan zamani Detroit ta bi wata hanya dabam. Bayan Mike Ilitch ya sayi ƙungiyar a 1982 aka ɗauki Steve Yzerman a gurbi na huɗu a 1983, amma abin da ya sauya makomarta shi ne zaɓen 1989, inda ta ɗauki Nicklas Lidström ɗan Suwidin a gurbi na 53, da Sergei Fedorov a na 74 da Vladimir Konstantinov a na 221, dukansu biyu 'yan Tarayyar Sobiyet a lokacin da babu tabbacin za a taɓa barin su su fita. Fedorov ya sulale daga tawagar ƙasarsa a Amurka a 1990, sauran biyun suka iso a 1991, Detroit kuma ta ɗauki kofi a 1997 bayan shekara 42 tana jira. Mai farautar 'yan wasanta a Turai, Håkan Andersson, ya ƙara mata da Pavel Datsyuk a gurbi na 171 a 1998, bayan an tsallake shi a zaɓe biyu, da Henrik Zetterberg a na 210 a 1999, kuma duka biyun an bar su shekara uku a gasannin ƙasashensu kafin a kira su. Da wannan ɗabi'a ta ƙin gaggauta matashi Detroit ta jera kakanni 25 tana kai zagayen fitar da gwani, daga 1991 zuwa 2016, ba tare da ta sauka ƙasan teburi domin neman gurbin farko ba.

Yadda ake bibiyar matashi

Sana'ar bibiyar matasa ta fara ne da tsofaffin 'yan wasa da ke tuƙa mota ɗaruruwan kilomita a cikin hunturu zuwa ƙananan filayen Saskatchewan da arewacin Ontario, suna rubuta abin da suka gani game da saurin yaro a kan ƙanƙara, da ƙarfin harbinsa, da yadda yake karanta wasa tun kafin faifai ya iso shi, da juriyarsa ga karo, da halinsa idan ana cin ƙungiyarsa. A 1975 gasar ta kafa ofishin bibiya na bai-ɗaya a ƙarƙashin Jack Button, wanda ke fitar da jerin matasa bisa daraja a tsakiyar kaka da kuma ƙarshenta, kuma a yau ana tara fitattunsu a birnin Buffalo kafin zaɓe domin gwajin ƙarfin jiki da ganawa da manajoji. Tun 2005 zaɓen zagaye bakwai ne, kuma mafi yawan waɗanda ake ɗauka bayan zagaye na farko ba sa samun zama na dindindin a babbar gasa, abin da ya sa ƙungiya mai sake gini ke neman tara gurabe da yawa maimakon dogara ga guda.

Bayan zaɓe ne ainihin aikin ke farawa, domin yaran kan watsu a hanyoyi daban-daban. Wasu na komawa gasannin matasa uku na Kanada, na Ontario da na Quebec da na yamma, waɗanda ke ɗaukar 'yan shekara 16 zuwa 20, wasu na wasa a jami'o'in Amurka, wasu kuma a gasannin ƙwararru na Suwidin da Finlan da Rasha, inda suke karawa da magidanta. Matakin ƙarshe kafin babbar gasa shi ne AHL, wadda aka kafa a 1936, inda kowace ƙungiya ke da reshenta na reno. An daɗe ana bin wata yarjejeniya da ta hana tura ɗan gasannin matasan Kanada zuwa AHL kafin ya kai shekara 20, don haka manaja kan tsinci kansa tsakanin mayar da yaro inda ya riga ya fi kowa, ko riƙe shi a inda bai kai ba, kuma doka ta ba shi wasa tara ya gwada yaron kafin shekarar farko ta kwantiraginsa ta fara ƙirguwa. Domin sa ido a kan waɗannan yara ƙungiyoyi sun ƙirƙiro sashen bunƙasa 'yan wasa, wanda ma'aikatansa ke ziyartar kowane yaro a inda yake, su duba bidiyon wasanninsa tare da shi, su tsara masa motsa jiki da abinci, sannan a tara su duka a sansanin horo na watan Yuli, yayin da gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda ake yi a hukumance tun 1977 a ƙarshen Disamba, ke ba da damar ganin su suna karawa da tsararrakinsu.

Lissafi ma ya shigo cikin sana'ar. Tun a shekarun 1980 masanin halayyar ɗan Adam Roger Barnsley ya nuna cewa waɗanda aka haifa a watannin farko na shekara sun yi yawa a cikin fitattun matasan Kanada, saboda ana raba yara rukuni-rukuni daga 1 ga Janairu, don haka wanda ya girmi abokansa da wata goma yakan fi su jiki, a ɗauke shi a matsayin mai baiwa, a ba shi horon da ya fi kyau. Daga baya manazarta irin su Gabriel Desjardins suka fitar da hanyar auna darajar maki guda a kowace gasa idan aka kwatanta da NHL, ta yadda za a iya gwama ɗan jami'ar Amurka da wanda ke wasa a Suwidin. Waɗannan ma'aunai sun rage kuskure wajen zaɓe, amma ba sa gaya wa manaja ranar da yaro ya shirya, ko kocin da zai iya jure kurakuransa.

Zamanin ƙayyade albashi

Bayan rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ya cinye kakar 2004 zuwa 2005 ɗungurungum, an sanya iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashi, wadda ta fara da dala miliyan 39, kuma wannan ya ɗaga darajar matasa fiye da kowane lokaci, domin ɗan wasa mai kwantiragin farko yana da arha, mai kuɗi kuma ba zai ƙara iya sayen taurari yadda ya ga dama ba. Pittsburgh, wadda ta ɗauki Marc-André Fleury da Evgeni Malkin da Sidney Crosby da Jordan Staal tsakanin 2003 da 2006, ta ci kofi a 2009, Chicago kuma, da Jonathan Toews da Patrick Kane da Duncan Keith wanda ta samu a gurbi na 54, ta ci a 2010 da 2013 da 2015. Ganin haka sake gini ya zama abin da ake shelantawa a fili, har New York Rangers ta rubuta wa magoya bayanta wasiƙa a Fabrairun 2018 tana sanar da su cewa za ta rabu da 'yan wasan da suka saba da su.

Sai dai wannan zamani ne kuma ya nuna iyakar dabarar. Edmonton Oilers ta samu gurbin farko a 2010 da 2011 da 2012 da 2015, amma ta yi kakanni 10 a jere ba ta kai zagayen fitar da gwani ba, domin ta riƙa jefa yaranta cikin babbar gasa nan take ba tare da ƙwararrun 'yan baya ko tsayayyen mai tsaron raga ba, kuma masu horarwa shida ne suka riƙe ta tsakanin 2009 da 2015, kowanne da salonsa. Nail Yakupov, wanda ta ɗauka a 2012, ya koma Rasha a 2018, Taylor Hall kuma, wanda shi ma ita ta ɗauke shi, sai da ya koma New Jersey aka zaɓe shi gwarzon gasar, kuma ko Connor McDavid, wanda ba a jayayya a kan baiwarsa, sai a 2024 ya kai wasan ƙarshe. Sauri ya haifi nawa. Buffalo Sabres ta fi haka shan wahala, domin ta rushe kanta har ta kai magoya bayanta na murnar an ci ta a 2015, sannan ta yi kakanni 14 daga 2012 zuwa 2025 ba ta kai zagayen fitar da gwani ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar, yayin da Jack Eichel da Sam Reinhart, waɗanda ta ɗauka a gurbi na biyu, suka ɗaga kofi a Vegas da Florida.

Tampa Bay Lightning ta nuna akasin haka, domin bayan Steven Stamkos da Victor Hedman da ta samu a saman zaɓe a 2008 da 2009, ginshiƙanta sun fito ne daga can ƙasa, Nikita Kucherov a gurbi na 58, Brayden Point a na 79, Ondřej Palát a na 208. Yzerman, wanda ya zama babban manajanta a 2010, ya ba reshen reno muhimmanci irin na Detroit, kocin wannan reshe Jon Cooper ya ci kofin AHL da Norfolk a 2012, sannan aka ɗaga shi zuwa babbar ƙungiya a 2013, ya ci gaba da horar da samarin da ya riga ya sani, kuma aka bar shi a kan aiki duk da faɗuwar da suka yi ta yi kafin su ɗauki kofi a 2020 da 2021.

Akwai kuma wani nauyi da lissafin kofuna ba ya nunawa. Yaron da ke bin wannan hanya yakan bar gidan iyayensa yana ɗan shekara 16, ya zauna a gidan wasu iyalai a garin da bai sani ba, makomarsa a hannun koci guda, kuma shari'ar da ta kai koci Graham James gidan yari a 1997, bayan Sheldon Kennedy ya fito ya bayyana cin zarafin da kocin ya yi masa yana matashi, ta nuna abin da irin wannan iko ke iya haifarwa idan babu mai sa ido. Matakin da hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta ɗauka a Nuwamban 2024, na buɗe ƙofarta ga 'yan gasannin matasan Kanada daga 2025, ya ƙara wa yara zaɓin da kakanninsu na zamanin takarda mai lamba C ba su taɓa samu ba. Soke tsarin ɗaukar nauyi ya kawo adalci tsakanin ƙungiyoyi, amma ya raba mai zaɓe da mai reno, kuma ƙungiyoyin da suka yi nasara tun daga Islanders har zuwa Tampa Bay su ne waɗanda suka sake haɗa ayyukan biyu da gangan. Saboda haka duk mai son sanin ko sake ginin wata ƙungiya zai kai ga gaci, ya kamata ya binciki wanda ke horar da reshenta na reno, da yawan shekarun da ake bai wa kocinta, da gogaggun da aka ajiye domin samari su koya daga gare su, da kuma wanda yaron zai kai wa kuka idan an cuce shi, domin ƙungiyar da ta ɗauki ɗan shekara 18 ta karɓi amanar tarbiyyarsa tare da haƙƙin wasansa.